Yashin Dindima

Samfuri na ɗari da sha bakwai ya fito da ƙuraje.
Daga waje dalma ce sumul,
amma da zarto ya raba ta biyu
sai ga ramuka kamar cikin burodin tashar Wunti.

Shekara huɗu ke nan ina auna yashi.
Na ɗebo shi a Dindima, bakin kogi,
buhu shida a bayan a-kori-kura.
Direba ya ce, gini kike?
Na ce digiri na uku nake.
Ya dube ni, ya dubi buhunan,
ya ƙara mini kuɗin mota.

Ina tankaɗe shi a rariya bisa rariya,
in cuɗa da yumɓun Alkaleri,
ruwa kashi huɗu, kashi biyar, biyar da rabi,
in rubuta a littafin da gumi ya cinye wa gefe.
Tanderu na dab da kaiwa ɗari bakwai
sai a ɗauke wuta.
Malam Barau mai kula da ɗakin gwaji
ya daina ko tsaki, butarsa kawai yake ɗauka.
Dalma ta sandare a kasko,
ni na sandare a benci.

Farfesa ya zagaye babi na uku da jan biro:
Ina hujja? Wa ya faɗa kafin ke?

Baffa Manu ya faɗa,
sai dai ba a mujalla ba.
A rumfarsa ta bayan Muda Lawal,
inda mataccen fistin da gwangwanin lemo
ke shiga wuta su fito tukwane,
nan na tashi ina juya masa zugazugi
don ladan gyaɗa.

Ran Asabar na kai masa yashina a leda.
Yana ta rufe masa ido ɗaya,
ɗayan ma sai a hankali.
Bai tambayi sunan na'urata ba.
Ya damƙa, ya matse, ya buɗe tafi,
ya karya dunƙulen kusa da kunnensa
kamar mai sauraron gulma.

Ya ce, Ladingo, ya sha ruwa.
Kuma kin danne shi kamar mai binne bashi.
Wuta baƙuwa ce mai tafe da iska,
in ba ki bar mata ƙofar fita ba
a cikin tukunyar za ta kwana.
Ya lalubo wayar tayar keke,
ya tsattsaga ƙasar sau tara,
ya goge hannu a riga, ya nemi goronsa.

Litinin na rage ruwa.
Na sassauta duka.
Na huda, ina jin kunyar kaina.
Allah ya sa wuta ta zauna har la'asar.
Na ɗari da sha takwas, da zarto ya ratsa shi,
fes, kamar tsakiyar ƙwai.
Malam Barau ya cire tabarau ya mayar.
Na maimaita sau talatin,
don sau ɗaya sa'a ce, ba ilimi ba.

Yanzu ina da jadawali,
ina da lamba mai ɗigo da sifili biyu,
ina da layin da ya hau, ya lanƙwasa, ya sauka
daidai inda tafin tsoho ya tsaya.

Shafin manazarta na neman shekara da maɗaba'a.
Me zan cike?
Manu, rumfa ta huɗu daga famfo,
ba a buga ba,
tukunyarsa na kan murhun Inna tun kafin a haife ni
kuma ba ta taɓa yoyo ba?

Na sa shi a shafin godiya, layi biyu.
Ba zai karanta ba.

Da safe, kafin in kunna ma'auni,
nakan damƙi yashi in yi hasashe a ɓoye.
Jiya na kuskure da rabin kashi.